Lambar P0325 da yaron da aka ce ba shi da kan boko

A garuruwanmu, daga Maraɗi zuwa Damagaram har Tawa, akwai shawarar da iyaye ke yankewa cikin sauƙi kamar sayen goro. Yaro ya maimaita aji sau biyu, ko ya kai CM2 karatu bai zauna masa ba, sai a ce wannan ba shi da kan boko, a kai shi gareji ya koyi aikin hannu. A cikin malamai ma akwai masu yi wa ragon ɗalibi barazana da cewa ƙarshensa kwanciya ƙarƙashin mota cikin baƙin mai. Wannan tunani ya dace da motocin shekara arba'in da suka wuce. Motocin da ke shigowa ƙasarmu yau sun bar shi a baya, kuma yaron da aka cire daga lakwal kafin ya iya karatu da lissafi, an kai shi sana'ar da za ta rufe masa ƙofa tun bai kai ƙarfi ba. Zan nuna haka da wani ɗan ƙaramin abu guda da ke jikin inji, wanda mutum zai iya ɓoyewa a tafin hannunsa.

Sai an fara da yadda injin isansi ke aiki. Iska da mai suna gauraya su shiga silinda, piston ya taso ya matse su, buji ya yi tartsatsi gab da piston ya kai ƙarshen hawansa. Wutar ta kama daga bakin buji ta bi cakuɗar kamar yadda gobara ke cin busasshiyar ciyawa daga gefe guda, ƙarfinta ya tura piston ƙasa. To amma idan zafi da matsi suka yi yawa, ragowar cakuɗar da ke can lungu, wadda wutar buji ba ta riga ta iso gare ta ba, sai ta fashe da kanta a lokaci guda. Wannan fashewa tana dukan bangon silinda. Ita ce ƙarar da direba ke ji kamar an zuba tsakuwa cikin gwangwani ana kaɗawa, musamman in mota ta sha lodi tana hawan tudu. Da Faransanci ana ce mata cliquetis, mu kuwa bari mu kira ta ƙwanƙwasa. In ta daɗe tana faruwa, takan cinye gefen piston, ta karya zobbansa, ta ƙona shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Daga nan sai sauke inji, kuma kowane mai mota ya san abin da hakan ke yi wa aljihu.

Abubuwan da ke haddasa ƙwanƙwasa kuwa, duk muna da su a wadace. Zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Lodin da ya fi ƙarfin mota. Baƙin dattin da ke taruwa a kan piston na tsohon inji. Man da ba ya jure matsi, wato mai ƙarancin oktan. Sai kuma tartsatsin buji da ya zo da wuri fiye da kima.

A zamanin Peugeot 504 da ire-irenta, maganin abin yana kunnen makanike. Ya sassauta delko, ya juya shi kaɗan, ya saurari inji, ya hau hanya ya gwada, ya dawo ya ƙara juyawa, har sai ƙarar ta ɓace ƙarfi kuma bai ragu ba. Wannan gwaninta ce ta gaske, kuma ana iya koyonta ba tare da an san harafi ko ɗaya ba. Ido, kunne, haƙuri da shekaru a gaban maigida sun wadatar. Daga wancan zamani ne iyayenmu suka gaji ra'ayin cewa gareji ba ya bukatar karatu, kuma a lokacinsu ba su yi ƙarya ba.

Yanzu an ɗauke wannan aiki daga hannun mutum. Motar zamani ba ta da delkon da za a juya. Tana da ƙwaƙwalwa, wato ƙaramar kwamfuta da ke yanke lokacin tartsatsi, kuma an yi mata nata kunnen. Wani ɗan ƙarfe ne da aka ɗaure da noti a gangar jikin inji, sunansa da Faransanci capteur de cliquetis, ni kuwa ina kiransa kunnen inji. A cikinsa akwai wani sinadari mai kama da tangaran wanda in an matsa shi ko an girgiza shi yake fitar da ɗan lantarki. Wasu ƴan'uwa biyu Faransawa, Pierre Curie da Jacques Curie, su suka gano wannan hali na wasu duwatsu a 1880, kuma duk wanda ya taɓa latsa abin kunna gas na kicin mai yin "ƙas" ba tare da batir ba, ya riga ya yi aiki da shi. Ƙwanƙwasa tana girgiza gangar inji sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, kunnen ya mai da girgizar lantarki, waya ta kai saƙon ga ƙwaƙwalwa, ita kuma ta jinkirta tartsatsi kaɗan har ƙarar ta lafa, sannan ta riƙa maido da shi sannu a hankali. Abin da tsohon makanike ke yi sau ɗaya a wata shida, ita tana yin sa ba dare ba rana muddin inji na tafiya.

Idan saƙon kunnen ya daina zuwa, ko ya zo a birkice, ƙwaƙwalwa takan ɗauki matakin kare inji. Ta jinkirta tartsatsi sosai ta bar shi a haka, tunda ba ta da hanyar sanin ko ana ƙwanƙwasa. Mota ta yi nauyi, ta ƙi ja, ta ƙara shan mai, ƴar fitilar nan mai siffar inji ta kama a gaban direba. Ƙwaƙwalwar kuma ta ajiye wata lamba. Tun 1996 dokar Amurka ta tilasta wa masu ƙera motoci tsari guda na waɗannan lambobi, wanda ake kira OBD-II, Turai ta biyo baya a 2001 ga motocin isansi. Shi ya sa kusan duk motar da ta zo mana ta tashar ruwan Kwatano ko Lome, in dai ba tsohuwa tukuf ba ce, tana da wani mahaɗi mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. A nan ake jona na'urar karanta lambobi, wadda makanikanmu ke kira da sunan Faransanci valise.

An jona, na'ura ta nuna P0325. A nan ne ake rabuwa tsakanin mai karatu da marar karatu.

Abin da ake yi a gareji da yawa kowa ya san shi. Mai na'ura ya ce kunnen inji ya mutu. A aiki yaro kasuwar kayan gyara ya sayo wani, sabo ko na hannu, a ɗaura, a goge lamba, a karɓi kuɗi. Bayan kwana biyu fitila ta dawo. Sai a ce wanda aka sayo jabu ne, a sake sayen wani. In ta sake dawowa, a ɗora laifin kan ƙwaƙwalwa, wadda ita ce mafi tsada a cikin duka. Mai mota yana zuba kuɗi, cutar tana nan inda take. An bar jaki ana dukan taiki.

Alhali bayanin da ke gaban lambar, da Faransanci ne ko da Ingilishi, bai ce kunnen ya mutu ba. Cewa ya yi akwai matsala a kewayen lantarkin kunnen inji na ɗaya. Kalmar "kewaye" ita ce dukan maganar. Kewaye ya haɗa da kunnen kansa, da mahaɗin da aka cusa masa, da wayoyin da suka bi ta cikin zafin inji har zuwa ƙwaƙwalwa, da ƙwaƙwalwar ita kanta. Ƙwaƙwalwa ba ta da ido. Tana zaune a ƙarshen waya, abin da ta sani kawai shi ne saƙon da ya iso mata bai yi daidai ba. Kamar uba ne da ke jiran wasiƙar ɗansa daga Agadas bai samu ba. Yana iya yiwuwa ɗan bai rubuta ba, yana iya yiwuwa direban da aka ba ya yar da ita a hanya, yana iya yiwuwa ta iso wani ya ajiye a aljihu ya manta. Wanda ya tashi ya fara zagin ɗan tun bai bincika ba, ya yi gaggawa.

Waya kuwa a ƙasarmu tana shan wahala. Zafi yana busar da robar da ta lulluɓe ta har ta riƙa farfashewa kamar ɓawon gyaɗa. Ɓera yana shiga ƙarƙashin murfin inji da dare ya ci abin da ya samu. Masu wankin inji suna watsa ruwa mai ƙarfi ya shiga mahaɗi, tsatsa ta biyo baya. Wani ya taɓa gyara wani abu daban ya ja wayar ya bar ta tana gugar ƙarfe. Wayar kunnen inji ma ta fi sauran laushin hali, domin saƙon da take ɗauka ɗan ƙarami ne ƙwarai, shi ya sa aka naɗe ta da wata rigar ƙarfe mai kama da saƙa don kada tartsatsin buji ya shiga ya rikita shi. Wanda bai san amfanin rigar ba, in wayar ta tsinke sai ya ƙulla da kowace irin waya ya naɗe da salatif, ya yi mamakin dawowar fitila.

Yanzu ga wurin da nake so malamai su tsaya su duba da kyau, domin darasin ajinmu ne tsirara. A injinan Toyota da yawa na shekarun 2000 zuwa sama, ga yadda aka tsara kewayen. Ƙwaƙwalwa tana tura volt 5 ta cikin wata turjiya ta ohm dubu 200 da ke cikinta. Turjiya ita ce abin da littattafanmu ke kira résistance, wato abin da ke rage wa lantarki gudu. Wutar ta bi waya ta isa kunnen inji, inda aka saka wata turjiyar, ita ma ta ohm dubu 200, sannan ta koma. Turjiya biyu masu ƙarfi ɗaya a jere suna raba wuta biyu daidai. Don haka a tsakiyarsu, inda ƙwaƙwalwa ke saka ido, za a sami volt 2,5 muddin komai lafiya.

A tambayi ɗalibin koleji da ya fahimci dokar Ohm: in waya ta tsinke, ko an zare mahaɗi, me zai faru da wannan awo? Lantarki ya daina gudana, babu abin da turjiyar farko za ta rage, awo ya haura zuwa volt 5. In kuma wayar ta fige ta taɓa ƙarfen mota, wato ta yi mas kamar yadda makanikai ke faɗi? Awo ya faɗo zuwa sifiri. To haka ƙwaƙwalwar ke tunani. In ta ga awo ya wuce volt 4,5 sai ta ajiye P0328. In ta ga ya sauka ƙasa da volt 0,5 sai ta ajiye P0327. Ke nan lambar da kanta tana nuna wa mai ilimi ta ina zai fara, ko ya nemi inda waya ta yanke, ko ya nemi inda ta taɓa ƙarfe. Wanda ba shi da wannan ilimi, duk lambobin ɗaya ne a wurinsa, kowace ta fito amsarsa ita ce a canza.

Binciken kansa ba ya ɗaukar dogon lokaci, kuma kayan aikinsa ƴar mitar awon lantarki ce, multimeta, wadda ake samu a kasuwa da kuɗin da bai kai na kunnen inji ɗaya na asali ba. Da farko a duba da ido, a bi wayar daga kunne zuwa inda ta shige, a zare mahaɗi a ga ko akwai tsatsa ko ruwa ko haƙorin da ya lanƙwashe. Sannan, mahaɗi na zare, a kunna makulli ba tare da tada inji ba, a auna wutar da ke zuwa daga ƙwaƙwalwa. A irin waɗannan Toyota ya kamata a ga tsakanin volt 4,5 da 5,5. In an gani, waya da ƙwaƙwalwa sun kusa fita daga zargi. In ba a gani ba, kunnen ba shi da laifi tukuna, sai a kashe makulli a auna wayar daga wannan ƙarshe zuwa wancan a ga ko ta yanke, a kuma auna tsakaninta da ƙarfen mota a ga ko ta yi mas, ana ɗan girgiza ta da hannu saboda wata tsinkewar ba ta nuna kanta sai mota na tafiya. Daga baya a auna turjiyar kunnen kansa. Littafin gyara na Toyota ya ce tsakanin ohm dubu 120 da dubu 280 in inji ya huce. Ƙwaƙwalwa ita ce ta ƙarshe da za a zarga, bayan an wanke kowa.

Kada wani ya haddace waɗannan alƙaluma ya tafi da su kan kowace mota. A wasu injinan Nissan awon kunne mai lafiya ya haura ohm dubu 500. Wasu tsofaffin kunnuwa masu waya ɗaya ba su da wannan turjiya sam, gwajinsu daban ne. Wannan ma hujja ce a kan maganata. Babu maigidan da zai iya riƙe alƙaluman dukan motocin duniya a ka ya koya wa yaransa da baki. Dole a buɗe littafi, ko a nemo takardar a waya, a karanta, a bi zanen wayoyi da yatsa, a bambanta ohm da kilo-ohm. Yaron da bai san cewa ƙaramin harafin k a fuskar mita yana nufin sau dubu ba, zai jefar da kunne mai lafiya ya ajiye matacce.

Akwai injin Toyota mai silinda shida, 1MZ-FE, wanda ke cikin tsofaffin Camry, Avalon, Sienna da Lexus RX300, motocin da ba baƙi ba ne a titunan Yamai da Maraɗi. Kunnuwansa biyu ne, an binne su a kwarin da ke tsakiyar inji, ƙarƙashin bututun shigar iska. Kafin a kai gare su sai an kwance saman inji, aikin awoyi. Ƴar gajeriyar wayar da ke haɗa su tana zaune cikin zafi shekara da shekaru, kuma sananne ne cewa takan bushe ta lalace. In lamba ta fito, P0325 ko P0330, motar takan ƙi shiga giyar ƙarshe, har mai ita ya ɗauka akwatin giya ne ya lalace. Ka duba yawan asarar da rashin karatu zai jawo a nan. Wani zai kwance akwatin giya da ba shi da ciwo. Wani zai kwance saman inji, ya canza kunnuwa, ya maida tsohuwar wayar, ya rufe, bayan mako guda a sake kwancewa. Mai karatu zai auna tun daga mahaɗin da ke waje kafin ya taɓa noti ɗaya, in kuma dole sai an buɗe, ya canza wayar tare da kunnuwan a zama guda.

Ko ɗaurin kunnen ma da awo ake yin sa. Irin mai siffar zobe yawanci ana ɗaure shi da ƙarfin da ake rubutawa 20 N·m, da kile mai awo, a kan wuri mai tsabta. An matse fiye da kima ko an bar shi sako-sako, jinsa ya canza. A garejinmu kuwa ƙa'idar ɗauri ita ce sai hannu ya gaji.

Wani lokaci ma kunnen gaskiya yake faɗi, inji ne ke ƙwanƙwasa da gaske, ko wani ƙarfe ya kwance yana kaɗawa kusa da shi. A nan sai a duba zafi, a duba ruwan inji, a tambayi direba inda ya sha mai. Ba na cewa duk man kwalba da ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa a bakin hanya gurɓatacce ne, mutane da yawa da shi suke tafiya lafiya lau. Amma isansin da aka haɗa da kananzir ko gazuwal oktan ɗinsa yana faɗuwa, kuma inji ba ya ɓoye hakan. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne dabarar da wasu ke yi in sun gaji: su cire kunnen daga jikin inji su ɗaure shi a wani wuri da ba ya jin komai, ko su saka turjiya a madadinsa don ƙwaƙwalwa ta ɗauka yana nan, ko kuma su liƙe fitilar gaban direba da baƙin salatif. Fitila ta mutu, mai mota ya yi godiya ya tafi. Amma an toshe wa inji kunne, zai yi ta ƙwanƙwasa a hanyar Damagaram cikin zafin rana babu mai jinkirta masa tartsatsi. Wannan shi ne gyaran gangar auzinawa.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce akwai manyan makanikai a garin nan da ba su taɓa shiga aji ba, kuma sun fi masu takarda iya aiki. Gaskiya ne, ina girmama su, kuma mai takardar da bai taɓa riƙe kile ba ba zai kama ƙafarsu ba wajen sauke inji ko gane ciwo daga ƙara. Amma a je a duba abin da ke faruwa in fitila ta kama a motar zamani. Da yawansu kiran wani saurayi suke yi mai na'ura, ya zo a kan babur, ya jona, ya karanta, ya karɓi kuɗinsa cikin minti goma ba tare da ya ɓata rigarsa ba, su kuma a bar su da aikin ƙarfi. Sana'ar ta rabu biyu a gaban idonmu, kuma kason da ya fi tsoka yana tafiya wurin mai karatu. Uban da ya kai ɗansa gareji yana da shekara goma sha ɗaya ba ya iya karanta jimla, ya zaɓa masa ɓangaren wanke noti da ɗaukar taya, ko ya sani ko bai sani ba.

Wasu kuma za su ce ai na'ura ta sauƙaƙa komai, yanzu har da ƴar ƙarama da ake jonawa a haɗa da wayar salula, kowa zai iya. Na'urar ta yi araha, wannan haka yake, kuma abin murna ne. Sai dai lamba kawai take bayarwa. Saurayin da ke yawo da ita yana karanto sunan abu ya ce a canza, bai fi wanda ba shi da ita da komai ba, illa dai shi ya fi saurin sa mutane asara domin ana ganin kwamfuta ce ta faɗa. Mu malamai ya kamata mu fi kowa gane wannan, tunda kullum muna riƙe da irin waɗannan lambobi. Yaro ya sami 4 bisa 20 a shifta. Makin ya nuna akwai matsala, bai faɗi inda take ba. Ko yaron ba ya ganin allo, ko ba ya ji da kyau daga bencin baya, ko da yunwa yake zuwa, ko harshen da ake koyarwa da shi ne bai shige shi ba. Wanda ya dubi makin ya yanke cewa kan yaron ne ya mutu, aikinsa ɗaya da mai canza kunnen inji ba tare da ya taɓa waya ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta talauci. Gida mai ƴaƴa takwas, yaro ba ya ci gaba a lakwal, gareji aƙalla yana ba shi abincin rana da ɗan abin sabulu. Ba ni da bakin zargin uban da ke cikin wannan hali. Abin da nake roƙo shi ne kada a ɗauki shiga gareji a matsayin rufe littafi. Akwai kolejojin koyon fasaha, CET, da cibiyoyin koyon sana'a, CFM, da aka yi ta buɗewa a sassan ƙasa, akwai Lise Teknik Dan Kassawa a Maraɗi da Issa Béri a Yamai ga waɗanda suka sami BEPC. Ba duka ke da kayan aikin da ya kamata ba, amma ko ba komai suna haɗa hannu da takarda. In waɗannan ba su samu ba, a yi yarjejeniya da maigidan gareji tun ranar farko cewa yaro zai riƙa tashi da wuri wasu ranaku ya je darasin yamma. Kuma kafin a miƙa yaro, uba ya leƙa garejin ya ga ko akwai mitar awon lantarki a ciki, ko ana amfani da ita, ko kuwa gwajin wuta a wurin shi ne a goga waya a ƙarfe a ga tartsatsi. Wannan tsohuwar dabara tana iya ƙona ƙwaƙwalwar motar zamani nan take.

Mu kuma a aji, dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827 muna koyar da ita kamar wani karatun hadda, U = R × I, a rubuta a allo, a kwafa, a yi lissafi uku, a wuce. Ɗalibi ya ci jarrabawa bai taɓa riƙe mita ba. Ana cewa babu ɗakin gwaje-gwaje, kuma gaskiya babu a mafi yawan makarantunmu. Amma wannan darasi ba ya bukatar ɗaki. Batir ɗin tocila, ƴan turjiyoyi biyu daga mataccen rediyo, guntun waya da multimeta ɗaya sun isa a gina kewayen da na bayyana a kan tebur. Malami ya ɓoye tsinkewa a cikin wayar, ya raba yara rukuni-rukuni, ya ce su nemo inda cutar take da awo kawai, kowane rukuni ya rubuta abin da ya auna da abin da ya fahimta kafin ya taɓa komai. Ƙungiyar iyayen yara tana iya sayen mita biyu ko uku ba tare da an jira komai daga Yamai ba. Makaniken unguwa kuma zai ba da mataccen kunnen inji kyauta in an roƙe shi, har ma ya zo aji ya nuna inda yake zama, in an gayyace shi da mutunci.

Saura maganar harshe. Tun 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, amma bayanin da ke fitowa a fuskar na'ura da littattafan gyara har yanzu da Faransanci ko Ingilishi suke, kuma ba za su canza don mu ba nan kusa. Yaron gareji yana bukatar ya iya karanta aƙalla Faransancin sana'arsa. Bayanin yadda abin ke aiki kuwa, da Hausa ya fi shiga, kuma duk abin da na faɗa a sama an faɗe shi da Hausa ba tare da ya ragu ba. Kalmomin da na yi amfani da su, kunnen inji, ƙwanƙwasa, kewaye, turjiya, ba dole ne su zama na ƙarshe ba. Malaman fizik na koleji da makanikan gari su zauna wuri guda su daidaita su, a buga a ƴar takarda mai shafi huɗu ko biyar tare da lambobin da suka fi yawan fitowa, daga P0325 zuwa P0334 ga kunnen inji, a rataya ɗaya a aji ɗaya a bangon gareji.